Jitar Ozell da Ɗaurin Verlene

Duk wanda ya taɓa zama a bakin hanyarmu ta tsakuwa, nan gefen kogin Yazoo, ya san marigayi Ozell Tarpley, ko da kuwa bai taɓa ganin fuskarsa ba. Jitarsa ake fara sani. Ta ƙarfe ce gaba ɗayanta, in ya kaɗa ta a barandarsa sai mai aiki a can ƙarshen gonar auduga ya ɗaga kai. Ni gidana yana tsallaken hanya, ƙofa da ƙofa da nasa. Sunana Idella, kuma na sha kiɗan nan tun ina amarya har kaina ya yi fari fat, ko ina so ko ba na so.

Kada ku ɗauka wani shahararre ne. Tarakta yake tuƙawa a gonar wani farar fata, in kaka ta yi ya koma injin gurzar auduga. Dogo ne mai nauyin baki, ka gaishe shi da safe sai rana ta take ka sami amsa. Matarsa Verlene kuwa 'yar mitsitsiya ce, baki kamar rediyo, ga murya siririya mai hawa sama har ka ji tsoro kada ta faɗo. Allah bai ba su haihuwa ba. Shi ya kaɗa, ita ta rera, a coci ranar Lahadi da kuma a baranda kowace yamma.

Sai na ɗan faɗa muku yadda jitar take, don na ji bayaninta har ya ishe ni. A cikinta akwai wani ɗan kwano na dalma a kife, siriri kamar ɓawon ƙwai. Tsirkiyoyin nan shida a kansa suke hawa, shi ke ba ta wannan amo. Ozell ba ya danna tsirkiya da yatsu. Wuyan kwalba yake zurawa a ƙaramin yatsansa yana zamewa da shi, shi ya sa ɗaurinsa buɗaɗɗe ne, wato ko ba ka danna komai ba, ka shafa su shidan sai su amsa baki ɗaya. Mazan yankinmu a ƙasa suke yin wannan ɗauri, daidai maƙogwaronsu, da tsirkiyoyi masu kauri kamar wayar shinge, don siririya in ka sassauta ta sai ta yi laƙwas ta riƙa karkarwa a ƙarƙashin kwalba. Ozell kaɗai ke ɗaurewa a sama, saboda Verlene. Mai ɗaurin sama kuwa dole ya sa sirara. In ka ja masu kauri zuwa can, nauyinsu zai danne kwanon nan ya lotse, shi ke nan jita ta zama bebiya.

Sayen tsirkiya ma a wurinsu biki ne. Ranar Asabar za su ci ado su tafi garin Greenwood, wani kantin kayan kiɗa. Ba ya sayen ƙunshi guda kamar kowa. Ɗaya bayan ɗaya yake zaɓa, yana murza kowace tsakanin yatsu, ta saman nan ya ɗauki mai ɗan jiki kaɗan don kada kwalba ta riƙa bugun wuyan jita, ta uku kuma ba ya son mai naɗi. Na taɓa bin su sau ɗaya, na yi rantsuwa ba zan sake ba. Yana cikin zaɓe sai ya ce, "Verlene, ba ni." Ita kuma ta ware murya a tsakiyar kanti, mutane suna juyowa.

Na ce, "Ke 'yar'uwa, ba ki da kunya ne? Nan fa ba coci ba ne."

Ta ce, "Idella, in kina jin kunya je ki jira mu a mota. Mutumin nan ba ya iya sayen ko zare sai na yi masa waƙa."

Gaskiya ta faɗa. Ozell bai taɓa mallakar abin gwada ɗauri ba, bai kuma taɓa neman fiyano ta ba shi sauti ba. Zai zauna ya kama kunnuwan jita, ya ce "ba ni," ita kuma ko wanke-wanke take yi sai ta saki sauti guda ta taga, ya yi ta murɗawa har tsirkiya ta iske ta.

Sannan injin tsinkar auduga ya shigo, aiki ya ƙare, mutane suka kwashe zuwa Chicago. Mijina Roscoe ya tafi ya ce zai aiko a ɗauke ni, ga ni nan har yau ina ɗaure kaya. 'Ya'yana suka bi bayansa. Gidajen bakin hanya suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta cinye su, har ya rage daga nawa sai nasu. Ana nan wata shekara lokacin shuka, Verlene ta fita cirar ciyawa a cikin kuɓewarta, ta durƙusa, ba ta sake tashi ba.

Bayan an binne ta Ozell ya ci gaba da zuwa coci da jitarsa, a ɗaurin nan nata. Kai, abin dariya abin kuka! Mata suna miƙa wuya kamar kaji masu shan ruwa, babu wadda ta kai. Ni da nake da murya irin ta maza, ko gwadawa ban yi ba. Fasto Gatewood, limamin cocinmu, ya ja shi gefe ya ce, "Ɗan'uwa Ozell, ka ɗan sauko mana mana, mu na ƙasa ne." Ya gyaɗa kai. Lahadi ta gaba ya zo da ɗaurinsa yadda yake. A hankali aka koma bin fiyano, shi kuma ya koma bencin baya, daga nan ya daina zuwa.

Baranda ta rage masa. Kullum rana ta yi sanyi zai fito ya kaɗa waƙoƙin da suka saba, kuma duk inda Verlene ke shigowa sai ya ɗaga kwalbar ya yi shiru, ya bar mata gurbinta daidai tsawonsa, sannan ya ci gaba. Ina barandata ina ɓarar wake ina jin wannan shirun. Ya fi kiɗan damuna, Allah ya sani. Wani lokaci har tsaki nake yi in shige ɗaka, amma taga a buɗe nake barin ta.

Bai sake sayen tsirkiya ba, don babu mai ba shi sauti a kanti. In tsofaffin sun dushe sai ya kwance su ya tafasa a ruwan tsami ya shanya, ya mayar. Wata rana ya zo aron tukunya, na ba shi, ina zaton abinci zai dafa har ina murna. Ya dawo mini da ita tana ƙarnin tsatsa.

Na ce, "Ozell, tukunyar miyata ka dafa waya a ciki? Kai da ko ƙwai ba ka dafa wa kanka!"

Ya ce, "Na wanke."

Na ce, "Ka wanke kanka ma, ka fita cikin mutane."

Ya tsaya yana kallon takalminsa, ya juya ya tafi. Haka muke da shi.

To, cocinmu na da al'ada. Cikin watan Agusta akwai Lahadin dawowa gida, ranar da duk waɗanda suka tafi arewa suke zuwa da manyan motocinsu, a share kaburbura, a yi sujada, a shimfiɗa abinci ƙarƙashin itatuwa. A shekarar da nake ba ku labari mai kaɗa mana fiyano ta bi 'yarta zuwa garin Memphis. Fasto ya zo har gida ya ce tsofaffin da za su zo jitar ƙarfen nan suke tambaya, kuma ni zan ja waƙa. Ya ce in lallashi Ozell. Ni kuwa ban iya lallashi ba. Na tsallaka hanya na same shi.

Na ce, "Ɗan'uwa, ka ji ni da kyau. Verlene tana wurin Ubangiji, can ba ta rasa makaɗa ba. Mu ne nan ba mu da kowa. Za ka sauko ka kaɗa wa masu rai, ko za ka zauna nan har gizo-gizo ya yi saƙa a kanka?"

Ya ce, "Tsirkiyoyin nan ba za su sauka ba. Sirara ne."

"To a sayo masu kauri. Kantin ya ƙone ne?"

Sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Na gaji da zama ni kaɗai, Idella." Tun da nake da shi ban taɓa jin ya faɗi magana mai nauyin wannan ba.

Ranar Asabar, jajibirin taron, muka tafi Greenwood a tsohuwar motarsa. Ya zaɓi masu kauri ɗaya bayan ɗaya, yana murzawa yadda ya saba. Mai kantin, wanda ya gaji wurin daga ubansa, ya san jitar. Ya ce, "Baba Ozell, waɗannan fa kada su je can saman da ka saba. Kwanon nan naka ya girme ni."

Ozell ya ce, "Ni za ka gaya wa? Na san wannan tun kana rarrafe." Har dariya ya yi. A hanyar dawowa ya saya mana soyayyar tarwaɗa muka ci a mota, yana ta lissafa mini waƙoƙin da za mu yi. Na ce a raina, mutumin nan ya dawo duniya.

Da muka iso na shiga suyar kajin gobe, shi kuma ya zauna a barandarsa yana ɗaura sababbin tsirkiyoyi. Ta taga nake jin sa. Sauti ya taso daga can ƙasa, mai kauri, mai daɗi, yana hawa a hankali. Ya iso daidai muryata, har na fara bin sa ina rerawa a hanci. Na ce yanzu zai tsaya. Bai tsaya ba. Ya wuce ni, ya kama tsirkiya ta gaba ya wuce da ita, yana hawa, tsirkiyoyin suna ƙara kamar za su yi magana. Sai na gane inda ya nufa.

Na leƙa na ƙwala masa kira, "Ozell! Tsaya! Ka wuce!"

Ina! Idonsa a rufe, kansa a karkace wajen tagar kicin ɗinsu, hannunsa yana murɗawa. Na fito a guje da cokalin suya a hannu. Ina tsakiyar hanya na ji ƙas, kamar an taka gwangwani.

Na iske shi ya rungume jitar. Tsirkiyoyin sun kwanta a kan wuyanta. Ya shafa su, suka yi wani ɗan kaf-kaf, babu amo. Na fasa faɗan da na ɗauko.

Ya ce, "Na sani, Idella. Na fi kowa sani." Ya duba hannunsa kamar na wani. "Ban san wani wurin tsayawa ba. Ita nake ji tana ba ni, ina bin ta."

"Me ya hana ka kira ni in ba ka? Ga ni nan tsallaken hanya!"

Ya ce, "Ban tuna ba."

Wannan kalma ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Washegari muka yi waƙa da tafi da buga ƙafa a dandamalin katako. Mutanen Chicago suka yi ta tambaya ina mai jitar ƙarfe, aka ce ba ya jin daɗi. Suka ci kaji da burodin masara, suka ɗauki hotuna a bakin kaburbura, kafin rana ta faɗi motoci sun ɗaga ƙura sun tafi. Na ɗibar masa abinci a faranti na ajiye a bakin ƙofarsa.

An ce ana iya aikowa da sabon kwano daga nesa, amma ya ƙi. Ya kwance jitar, ya fito da tsohon, ya yi ta turo lotsawar da bayan cokali har ya ɗan miƙe. Sai dai dalmar da ta taɓa lanƙwasa ba ta sake ɗaukar nauyi. Masu kaurin nan ko a ɗaurin ƙasa ba za ta iya da su ba. Ya naɗe su ya rataye a ƙusa, ya mayar da tsofaffin sirara da ya sha tafasawa. Su kuma ba sa sauka. Jitar ta koma ɗaurin Verlene, kuma ba ta da sauran wani ɗaurin har abada.

Kwana da kwanaki ina zama a barandata da yamma ba na jin komai. Na ɗauka ya daina. Ashe yana kaɗawa, ina hango hannunsa yana zamewa, amon ne ya ƙanƙance, ba ya iya tsallako hanya. Gidana ya yi tsit irin wanda ban taɓa sani ba, ko lokacin da Roscoe ya tafi. Na yi kwana uku ina masifa ni kaɗai, na huɗu na ɗauki kujerata na tsallaka.

Ya ɗago ya dube ni. Na ce, "Me kake kallo? Iska ta fi kaɗawa a nan." Ya matsar mini da ƙafarsa na ajiye kujera.

Ya kama waƙar da suka fi so, a hankali, muryar jitar a shaƙe. Na san kowace kalma a cikinta. Da ya iso gurbin sai ya ɗaga kwalbar ya jira. Na buɗe baki, Allah shaida na buɗe, amma muryata ba ta kai can ba. Muka zauna mu biyu muna saurare har gurbin ya wuce, sannan ya sauke kwalbar ya ci gaba.