Rigar Lauya a Teburin Tela

Gwaggo na zaune a bencin shagon tela tana jan carbi, sai ga wata dattijuwa ta shigo rungume da baƙar riga kamar mai ɗauke da jariri. Siririya ce, tabaronta ɗaure da zare ta gefe ɗaya, idonta babu kwalli. Gwaggo ta san irin wannan ido, don ita ma ta yi takaba.

"Ta maigidana ce, tun yana lauya," in ji matar. "Daga baya ya bar kotu ya koma koyarwa, yana rubuta wa ɗalibai wasan kwaikwayo da waƙoƙi. Jibi za su yi wasansa na ƙarshe. Yarinyar da za ta fito a lauya gajeriya ce, a rage tsawon."

Tela ya shafa yadin. "Mama, in na yanka fa shi ke nan. Ko in naɗe ƙasan kawai?"

Matar ta ɗora yatsunta kan wuyan rigar inda ya koɗe. Gwaggo ta raya a ranta, wataƙila cikin rigar nan marigayin yake zagaya tsakar gida yana gwada muryoyi, matar na ta dariya.

"Naɗin ya warware yarinya ta faɗi a gaban jama'a? Lauya ne fa, har lahira sai ya kai ni ƙara. Yanka, ɗana," in ji matar.

Da kanta ta riƙe gefen yadin. Almakashi na tafiya, tana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa. Ƙyallen da ya faɗo kuwa, ta ninke shi ta sa a jaka.