Goggo Elvi da Hasumiyoyinta Marasa Kwali

A ƙungiyar masu tara 'yan hasumiyoyi ta garinmu, idan aka tambayi lafiyar mutum aka ce "yana nan da kwalinsa", to ƙalau yake, ko ƙwarzane babu. Idan kuwa aka ce "kwali ya ɗan jiƙe", sai a fara shirin kai masa miya asibiti. Maganar ta fito ne daga abin da suke tarawa, wato ƙananan siffofin hasumiyoyin fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya a Tafkin Superior, nan arewacin Amurka. Kowace tana zuwa cikin kwalinta, kwance a farin soso da aka fafe daidai jikinta. A wurinsu, 'yar hasumiyar da ta rabu da kwalinta ta zama marainiya, darajarta ta zube, a wurin baje koli ma can ƙarshen tebur ake tura ta.

Goggo Elvi, yayar babana Toivo, tana da hasumiyoyi fiye da ɗari, kuma ko ɗaya ba ta da kwali.

'Yar mai haƙar tagulla ce. A kicin ɗin makarantar firamare ta yi aiki har ta yi ritaya, shi ya sa har yau ƙattin garin nan masu furfura in ta daka musu tsawa sai su gyara zama. Mijinta, Kawu Reino, a jirgin dakon ƙarfe yake aiki. Da ƙanƙarar tafki ta narke sai ya tafi, ba ya dawowa sosai sai ruwa ya sake daskarewa. Duk zuwan da ya yi da 'yar hasumiya a hannunsa, amma ba ya yarda a buɗe. Ƙarƙashin gado yake tura su, wai wata rana za su yi tsada.

"Kyauta ka kawo mini ko ajiya?" in ji ta.

"Duka biyu."

"To ni ban taɓa ganin fitilar da ke aiki a ƙarƙashin gado ba."

Da jirginsa ya tashi sai ta fito da su ta jera a taga, in ya kusa dawowa ta mayar. Wata shekara ta gaji da wannan ɓoye-ɓoyen. Ta kwaɓa nisu, burodinmu mai zaƙi, ta murza shi siriri dogo, ta gasa, ta kwantar da shi da ɗuminsa a ramin soson da hasumiya ta tashi, ta aika wa maƙwabciyar da ta haihu. Kawu Reino ya dawo ya ga hasumiya tsirara a taga.

"Elvi, ina kwalin?"

"Ya tafi barka."

Daga nan kwalaye suka shiga zaga gari. Wani ya je gaisuwar mutuwa, wani ya je duba mara lafiya, wani ya je murnar sabon gida. Ita dai cewa take soson yana riƙe ɗumi, kuma gaskiya ne yana riƙewa. Amma ni ban taɓa yarda iyakar dalilin ke nan ba. Abin da ba shi da kwali ba ya komawa ƙarƙashin gado, ba ya sayuwa, ba ya barin gida. Matar da mijinta ke tafiya kowace bazara ta gano hanyar da za ta hana wani abu tafiya, sai ta kira shi kirki, gari kuma ya yarda, don nisu ɗin nata babu irinsa. Bayan rasuwar Kawu Reino ta ci gaba da saye da kanta, tana kuma ci gaba da rabar da kwalayen.

Babban abokin faɗanta shi ne Gordy Trezise, shugaban ƙungiyar, mutumin da ke sa safar hannu kafin ya taɓa kwali. Duk taron wata sai sun kafsa a ɗakin taron coci, kofi yana hucewa.

"Uwar marayu ta iso," Gordy zai ce.

"Sannu mai gadin kwalaye. Ka ɗan leƙa ciki kuwa bana, ko har yanzu daga waje kake kallo?"

Bara da sanyi ta zame a matakalar benenta, ta karya ƙugu. Ta warke, amma hawa ya gagare ta, ga banɗaki a sama, ga dusar ƙanƙara da ke rufe mata ƙofa rabin shekara. 'Yarta tilo, Yaya Paula, wadda ke zaune can birnin Milwaukee, ta zo da rani da maganar da ta riga ta yanke: Mama za ta koma wurinta kafin sanyi. Ni aka kira in taya haɗa kaya.

Goggo ba ta yi musu ba, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Ta zauna a kujerarta ta haɗa hannuwa ta ce, "To, 'yata. Amma ban tafiya in bar 'ya'yana. Kuma ba su tafuwa ba kwali."

"Mama, a naɗe su a jarida mana."

"Jarida! Kira mini Gordy."

Gordy ya zo, ya sa tabarau, ya nuna wa Yaya Paula siraran shingayen da ke saman kowace hasumiya, da 'yan tagogi, da bishiyoyin da ba su fi tsinke ba. Ya ce ramin hanya ɗaya ya isa ya kakkarya su, sai in kowace tana cikin soson da aka fafe dominta.

"Gordy ya fi kowa sani," in ji Goggo. "Kwali shi ne komai."

Bawan Allah nan har ƙwalla ya kawo. Shekaru yana jiran wannan kalma daga bakinta, bai ga cewa da shi ake gadin ƙofa ba. Na kalle ta, ta kau da kai tana kallon taga kamar ba ruwanta.

Yaya Paula kuwa 'yar uwarta ce wajen taurin kai. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, lokacin shan kofi, ta miƙe ta roƙi duk wanda ke da kwalin Mama ya dawo da shi. Aka yi ta dariya. Wata ta ce kyanwarta ta haihu a nata. Wani ya ce a nasa yake zuba ƙugiyoyin kamun kifi. Guda shida aka samu, biyu ɓera ya ci. Sai idanu suka koma kan Baba Arvo Heikkila, tsohon kafinta da ke zaune tsallaken titin Goggo, don kowa ya san tun da matarsa ta rasu yawancin kwalayen ƙofarsa suke nufa.

"Na ƙona," ya ce, bai ɗago daga kofinsa ba. "Da su nake hura wutar sauna, in zan yi wankan tururi."

Na ga kafaɗun Goggo sun sauka. Amma na ga wani abu kuma ya gifta a fuskarta, irin na wadda aka ba ta abin da ta roƙa, ta ji ya ɗan yi ɗaci.

Kwana biyu bayan haka ta aike ni in kai masa nisu, a naɗe cikin tawul, tunda kwali ya ƙare. Na ƙwanƙwasa ba a amsa ba, na ji ƙarar zarto a baya, sai na shiga don in ajiye. Ƙofar ɗakin ɗinkin marigayiya a buɗe take. Daga ƙasa har rufi kwalaye ne, a jere, kowane da hoton hasumiyarsa yana kallon waje, da tabon man shanu a kusurwa. Ɗakin gaba ɗaya ƙamshin kirfa yake.

"Ba ki ga komai ba," in ji Baba Arvo daga bayana.

"Baba, wutar saunar nan ba ta da ci."

Ya cire hula ya sosa kai. "Ke 'yar Toivo, bakinki irin na goggonki ne."

"Me ya sa ba ka taɓa mayar mata ba?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake gaisuwa. "A ina kika taɓa ganin an mayar da kwano ba komai a ciki?"

Haka ne. A wurinmu in an kawo maka abinci, ba ka mayar da mazubin fayau. Ko 'ya'yan itacen daji ne, ko kifi mai hayaƙi, sai ka saka wani abu.

"To ka saka kifi mana."

"Na farkon na so in saka kifi. Sai na ga kifi ya yi kaɗan. Ina cikin tunanin abin da ya dace, na biyu ya iso." Ya kalli jerin. "Kin ga inda tunanin ya kai ni."

"Yanzu in ka bayar, ta tafi Milwaukee."

"In na riƙe kuma, ta sake faɗowa daga benen nan. Kin ɗauka ba na ganin fitilar matakalarta daga tagata?"

Na ajiye burodin na fita, ban gaya wa kowa ba. Duk makon nan ƙarar zarto da guduma ba ta tsaya ba a gidansa.

Ranar Asabar da hantsi muna kicin, sai ga motarsa ta a-kori-kura ta tsallako titi da baya, shaƙe da kwalaye, an lulluɓe su da bargo. Yaya Paula ta yi tsalle ta fita. Goggo ta dogara sandarta ta biyo baya, ta tsaya a bakin ƙofa, fuskarta ta yi ja.

"Arvo Heikkila! Maƙaryacin banza! Ka ci burodina shekara da shekaru, yau kuma ka zo ka ɗaure ni a kwali ka aika Milwaukee?"

"Barka da hantsi, Elvi."

"Kada ka barka ni. Ba ka ce ka ƙona ba? A coci ka faɗa!"

"A ɗakin kofi na faɗa, ba a cikin coci ba."

Ya zaro wani tsohon kwali daga gaban mota, wanda ya fi sauran koɗewa, ya miƙa mata da hannu biyu. "Wannan shi ya fara zuwa. Na dawo da shi."

Ta karɓa don ta jefe shi da shi, ina jin haka ta yi niyya, sai ta ji wani abu ya yi ƙara a ciki. Ta buɗe. A ramin soson, makulli ne guda ɗaya.

"Na mene ne wannan?"

"Na gidana. Ba bene. Banɗaki yana ƙasa. Na kafa katakai a bangon falo, gefen da ke kallon ruwa, za su ɗauki duka har da ƙari. Dusar ƙofa ni zan kwashe, dama ni nake kwashe taki."

"Na ɗauka 'yan gundumar ne suke kwashewa."

"'Yan gunduma ba sa share matakala, Elvi."

Ta jujjuya makullin a hannunta.

"Tsaya tukuna. Haya kake ba ni, ko aure kake nema?"

"Wanda ya fi miki sauƙi."

"Ji tsohon banza! Ko tambayar ma sai na yi maka?" Ta juya wurin 'yarta. "Paula, kin ji abin da mutumin nan ke faɗa a gabanki?"

Yaya Paula ta buɗe baki za ta kawo maganar likita da asibiti, sai kawai ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta zauna a kan matakala. Na san tana son uwarta. Na kuma san gidanta ɗaki biyu ne, da miji, da samari biyu, da kare, kuma ta kwana tana tunanin inda za ta jera hasumiya ɗari. Ba wanda ya furta wannan, amma yadda ta rungume Baba Arvo har hularsa ta faɗi, ya isa bayani.

"Sharaɗi ɗaya," ta ce tana share ido. "A sa ƙarfen riƙewa a banɗaki."

"Na sa tun Laraba," in ji shi.

An ɗaura auren kafin ganye ya gama zuba. Ranar tarewa duk 'yan ƙungiya suka zo. Tazarar ba ta wuce faɗin titi ba, amma Gordy ya rantse ba hasumiyar da za ta tsallaka sai cikin kwalinta. Ya sa safar hannunsa, yana haɗa kowace da nata, yana shinshina tabon man shanu yana cewa, "Wayyo, wayyo, Elvi, kin kashe ni." Muka yi layi, tsofaffi da masu sanda da mu, kowa rungume da kwali, har motar mai kai wasiƙu ta tsaya ta jira mu wuce.

Goggo tana zaune a tsakiyar sabon falonta tana ba da umarni da sanda.

"Arvo, katakon can na sama ya karkace."

"Bai karkace ba. Na gwada."

"To gidan ne ya karkace. Gyara ɗaya daga ciki."

Ya ɗauko guduma yana murmushi, ya hau kujera, ya bubbuga bango sau biyu ba tare da ya taɓa komai ba.

"Yanzu fa?"

"Yauwa," ta ce. "Ka ga da ka saurare ni tun farko."