Goggo da Sabon Injin Likita

Ƙanwar babana ce, shi ya sa nake ce mata Goggo, amma duk layin garejin haka suke kiranta, har masu furfura. Shekara ashirin da biyu tana sayar da baƙin mai a wani shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai walda da mai faci. Mijinta ne ya buɗe shagon. Da ya rasu aka zaci za ta rufe, sai ta jawo kujerarsa ta zauna. Duk injin da aka kwance a layin sai ta je ta tsaya a kai tana tambaya, har kanikawa suka gaji suka fara ba ta amsa.

Akwai wani likitan haƙori mai son gudu, yana da tsohuwar motar tsere. Wata bakwai ana sake haɗa injinta: sabbin fistan, sabbin ringi, an goge silinda. Washegarin ɗaura injin ya shigo shagon, ya nuna wani galan da ke can saman kanta.

"Wancan za ki ba ni, Goggo. Wanda ya fi kowanne."

"A injin da aka haɗa jiya? Ba zan ba ka ba."

Ya yi dariya. "Ni da motata?"

"Motarka ce, amma man nawa ne. Zauna."

Ya zauna a kan benci. Ta ce masa sabon ringi sai ya ɗan ci jikin silinda kafin ya zauna daram. Wancan man santsinsa ya yi yawa, ringin zai yi ta zamewa bai kama ba, kafin wata biyu salansar motar ta fara fitar da shuɗin hayaƙi. Ta sunkuya ta ɗauko wani galan marar ado, man fara aiki.

"Kilomita ɗari takwas da wannan. Kada ka take totur, kada kuma ka daɗe a gudu ɗaya. Sai ka juye man, ka kawo min filtar da ke tace shi."

"Motar tsere fa ce, Goggo."

"Likita, in ka sa wa mutum sabon haƙori, a ranar kake tura shi tauna ƙashi?"

Ya ɗauki galan yana gunaguni. Da ya kai ƙara wurin bakaniken da ya haɗa injin, bakaniken ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Abin da Goggo ta ce."

Mako uku Likita yana lallaɓa motar. Matarsa ta ce har masu keke suna wuce shi suna gaishe shi. Da lokaci ya cika aka juye man, bakanike ya yanka filta gida biyu. Goggo ta fita da ita rana, ta baje takardar ciki. Ƙurar ƙarfe ce kaɗan, mai laushi kamar kwalli, babu ɓarɓashi ko ɗaya.

"Ringin ya zauna," in ji ta. Ta taka kujera ta sauko wa Likita da galan ɗin da ya nema tun farko.

Ranar Asabar ya matsa mata sai ta je filin tsere, ya zagaya da ita sau biyu. Da ta dawo na tambaye ta yadda ta ji.

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Injin lafiya lau. Likitan ne yake saurin canza giya, na kuma gaya masa."