Tizhe, Wanda Ya Maido Mana Fuskar Nathaniel

Ranar Talata, 14 ga Maris 2017, ina cikin yanka atamfa a shagona, Gabdo mai gyaran janareta ya leƙo ya ce Tizhe Ya'akubu ya cika da hantsi, bayan jinyar kwana tara. Na ajiye almakashi, ban sake ɗaukarsa ba a ranar. Shekararsa talatin da ɗaya.

Tizhe, shekara biyu muka yi muna maƙwabtaka a layin teloli na nan Mubi, kai kana gyaran kwamfuta, ni ina ɗinki. Da farko na ɗauke ka marar aikin yi. Da zarar kwastoma ya fita sai ka buɗe wani wasan kwamfuta na mayaƙa, Turawa ne zalla sanye da rigunan ƙarfe, ka zauna kana canza musu kamanni. Ka mai da fata baƙa, ka faɗaɗa hanci, ka cire hular ƙarfe ka ɗora zanna. Ƙyallayen da nake zubarwa kakan tsince su, ka ɗauki hotonsu, washegari in ga atamfar kwastomata Elizabet a jikin wata mai takobi. Ranar da ka nuna mini babbar rigar da ka yi wa wani sarkin wasan, na ce wannan wuyan ko ɗan koyo ba zai yanka shi haka ba. Ba ka ji haushi ba. Ka kawo kujera ka zauna, sai da na nuna maka yadda riga take zuba a kafaɗa.

Ba ka taɓa ganin mijina Nathaniel ba. A gudun watan Oktoba na 2014, da mahara suka shiga Mubi, muka rabu da shi a hanyar Sahuda, daga baya aka kawo mini labarin inda aka binne shi. Da muka dawo, gidanmu toka ne, har da hotunan aurenmu. 'Yarmu Purity tana da shekara biyu a lokacin. Da ta shiga huɗu sai ta fara tambaya, yaya fuskar Baba take? Abin da ya fi ba ni tsoro, ni kaina fuskar ta fara dushe mini.

Kai ka ji ta tana tambayar, ka ce, “Maman Purity, zo ki zauna, mu gwada.”

Kwana uku muna abu ɗaya. Ina faɗa, kai kuma a cikin wasan nan kana jan goshi, kana rage haɓa, kana matso da idanu. Mutumin da ya fito kyakkyawa ne, amma ban san shi ba. Na ce a bar shi haka. Ka ƙi. Ƙa'idarka ita ce ba ka rufe aikin fuska sai mai neman ta ya ce shi ne, kuma ka lura ban faɗa ba. Ka ce duk wanda ya zo wurinka haka yake yi, don an koya mana ba a faɗin aibin mamaci, sai mu yi ta gyara shi har ya zama wani. Sannan ka tambaye ni me nake tsokanarsa da shi idan mun yi faɗa.

Na ji kunya ƙwarai, amma na faɗa. Hancinsa ya karkata hagu tun da saniya ta harbe shi yana yaro a Kwaja. Ka karkata hancin. Na ce ka sa masa rigar zuwa coci, ka ce a'a, me yake sawa ran Litinin? Wata shuɗiyar jaket ce da ta koɗe, ni na yi mata faci a gwiwar hannu. Ka sa facin. Da ka danna, mutumin ya juyo da kai ya dube ni, sai na ji bakina ya ce shi ne. Na yi kukan da ban samu yi ba a hanyar Sahuda. Hoton da ka buga mana yana bangon ɗakinmu, Purity tana gaishe shi kafin ta tafi makaranta.

Bayan ni mutane suka yi ta zuwa, Kirista da Musulmi, har daga Belel. Ba ka taɓa gajiya da su ba, ko da yake kana da saurin faɗa idan aka taɓa maka linzamin kwamfuta.

Da za a buga takardar jana'izarka, mahaifiyarka Mama Susanna ta nemi hotonka, aka rasa na kirki. Naka ma sun ƙone. Gabdo ya buɗe kwamfutarka muka sami fuska sittin da uku, babu taka a ciki. Sai na zauna a kujerarka, ni da na yi ta kallon hannunka shekara biyu, na ja abin da zan iya. Manyan kunnuwanka na bar su yadda suke, da giɓin haƙorinka. Mama Susanna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Ɗana ne.”

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Susanna da 'yan'uwanka da dukan mutanen layinmu. Allah ya ba su haƙuri, ya ba ni ni ma, don na yi rashi. Ubangiji ya gafarta maka, ya karɓe ka cikin hutunsa. Idan kun haɗu da Nathaniel a can, ba sai an nuna maka shi ba. Ka ce masa Purity ta san fuskarsa.

Salome Nathaniel, Mubi