Yayana mai lamba

Shekarun baya, lokacin da wayar salula ta fara shigowa Lafia, ƙanen mahaifina ya taso daga Adogi ya sauka gidanmu a Bukan Sidi da wani tari da ya ƙi jin magani. A asibiti aka ce tarin fuka ne. Aka ɗora shi kan magani, aka kuma ce duk wanda ke kwana gida ɗaya da shi ya zo a gwada shi.

Mahaifiyata ta tara mu a tsakar gida, ta ce kowa ya naɗe hannun rigarsa na hagu. Lamba take nema, wato tabon nan da allurar rigakafin tarin fuka ke bari a dantsen jariri. Kowa na da ita sai ni, don a Keana aka haife ni, wajen kakata mai dafa gishiri, ba wanda ya kai ni asibiti.

"Masu lamba ba ruwansu da tes," in ji ta. "Kai ne matsala."

Ni kaɗai aka kai. Aka karɓi majinata, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce lafiyata ƙalau. Duk da haka hankalin Mama bai kwanta ba. Ta hana ni ko leƙa ɗakin baffa, kullum ga dafaffen ƙwai ga nonon Fulani, wai in yi ƙarfi. Ni kuwa da na ga ƙwan zai yanke sai in ƙaƙalo tari. A shekarar nan har kumatu na ajiye.

Yayana, mai lodin doya a kasuwa, tabonsa ya fi na kowa faɗi, kamar kwabo. Mama na alfahari da shi, domin a ƙafa ta goyo shi daga ƙauye aka yi masa allurar. Shi aka shimfiɗa wa tabarma a ɗakin baffa. Shi ke zubar da gwangwanin majina, shi ke rufe taga ruf kada sanyi ya kama mara lafiya. In ya fito ya tarar da ni ina ɓare ƙwai sai ya dungure min kai, ya ce, "Ci abinka, mara lamba. Mu sojoji ne."

Baffa ya warke ya koma gonarsa. Bayan wasu watanni yayana ya fara tari. Aka ce ƙurar kasuwa ce, aka sayo magani a kemis. Ya rame, wandonsa sai da igiya. Babu wanda ya kawo tarin fuka a ransa, har ranar da ya tofar da jini a gindin motar lodi.

Aka kai shi asibiti. Da sakamako ya fito cewa tarin fuka ne, Mama ta yaye hannun rigarsa ta nuna wa nas.

"Sista, duba mana, yana da lamba. Ku sake tes ɗin."

"Mama, lamba tana taimakon ƙananan yara ne, kar ciwon ya yi musu tsanani. Babba kam yana kamawa. Da kun kawo shi tun lokacin baffansa."

Mama ta sauke masa hannun rigar a hankali.

An fara magani, amma huhun ya riga ya lalace. Bai kai fitowar sabuwar doya ba. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Dantsen ya koma kamar sanda, tabon kaɗai ne bai rame ba.

Na daɗe ina jin haushin Mama a raina. Sai da na haifi nawa na gane ba sakaci ta yi ba. Ta yarda da allurar da ta sha wahala a kanta, babu wanda ya zaunar da ita ya gaya mata iyakarta. 'Ya'yana duk an yi musu lamba, amma wanda tari ya daɗe masa asibiti muke nufa, ba na duba dantsen kowa.

Mama ta tsufa yanzu. In tana yi wa jikokinta wanka, hannunta ya iso kan tabon, sai ta tsallake wurin. Ni kuma har yau dafaffen ƙwai ba ya wuce min wuya.