Ƙafar da Kawu ya hana taka birki

Shekarun baya, lokacin ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti kusa da Tasawa, na samu aiki a wata ƙasar Turai da ake Faransanci. Kula da tsofaffi ne a gidajensu, ƙauye-ƙauye. Tun a waya shugabar wurin ta faɗa mini gaskiya: za su gwada ni na wasu watanni, in suka ƙare ban samu permi, wato lasisin tuƙi, ba, ba za su iya riƙe ni ba, don babu motar haya da ke zuwa gidajen nan. Kuma sai mai tabbataccen aiki ake bari ya kawo iyalinsa. Ni kuwa ga mata, ga ɗiya da ko yaye ta ba a yi ba. Abin da na taɓa tuƙawa a duniya babur ne da amalanken shanun gidanmu.

Sai na ce bari in yi wayo, in koyi tuƙi tun a gida, in isa can da hannuna a faɗe. Na tafi wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai wata tsohuwar mota buɗaɗɗiyar baya da yake jigilar 'yan kasuwa da buhunan gero da wake tsakanin Tasawa da Korgom da ƙauyukan da ke bayanta. Da igiya ake ɗaure ƙofar direba, amma kada ka kuskura ka faɗi aibin motar nan a gabansa.

Kawu bai fara da ni a kan gudron, wato hanyar kwalta, ba, ya ce wannan ko jaki ya iya binsa. Hanyar rairayi ya kai ni. Wanda ya san yankinmu ya san halin rairayin nan: in mota ta shiga da ƙarfinta ta fita, in ta tsaya kuwa ta zauna ke nan. Sai a sauke mutane da kaya, a tone ƙarƙashin taya, a shimfiɗa kara da rassan sabara, a yi ta turi. Ranar farko na hango tumaki a gabana na taka birki, muka kafe da tsakar rana. Wata tsohuwa cikin fasinjojin ta sa hannu a turin, tana tambayar Kawu ko ɗan wa ya ba motar, don ta san gidan da za ta kai ƙara.

Washegari Kawu ya yanko 'yar tsumagiya ya aje a cinyarsa. Da ƙafata ta doshi birki sai in ji ta a gwiwa.

"Kak ka tsaya," in ji shi. "Ka rage, ka sauko giya ta biyu, ka kauce, amma taya ta yi ta juyawa. Ka jiya? In ta tsaya cikin rairai, nan za mu kwana."

Magidanci da ni, ma'aikacin lafiya da ake kira Majo a gari, ana tsula mini tsumagiya kamar ɗan lakkol a aji, 'yan kasuwa a baya suna ta dariya. Amma fa ta yi aiki. Kafin tafiyata ina iya ratsa garken awaki, in kewaye amalanke, in sauke fasinja yana dira da gudu, duk taya ba ta daina juyawa ba. Kawu ya ce ko Turawa sai sun yaba.

Da na isa can, kod, wato jarrabawar dokokin hanya, bai ba ni wahala ba, tunda karatu ne. Malamar da ke koya mini tuƙi, wata dattijuwa mai haƙuri, ta yaba yadda nake canza giya, har kaina ya fara girma. Matsalar ta fito ne a wurin jan panon nan, allon ƙarfe na mahaɗar hanya, mai cewa a tsaya. In na iso sai in rage, in sauko giya ta biyu, in duba hagu da dama, in sulale. Ta ce ban tsaya ba. Na rantse na tsaya. Ta ce taya na juyawa, kuma a wurinsu in taya na juyawa ko da tafiyar hawainiya ce, ba a tsaya ba. In ta tuna mini sai in tsaya cak, har ta ɗauka na gyaru, ni ma haka.

Ranar jarrabawa babu mai tuna maka komai. Mai jarrabawar ya zauna gefena, tsoro ya kama ni, ƙafata ta koma Korgom. Na faɗi. Na jira aka sake ba ni rana, na sake faɗuwa, a wata mahaɗa tsakiyar gonaki inda ko kaza babu. Ranar na fusata ƙwarai, na kira Kawu don in sauke masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaya ko wani abu ya taho ta hanyar. Na ce babu.

"To mi za ka tsaya yi? Mutanen ga ba su da rairai, shi ya sa suke wasa da birki."

Duk wannan lokacin da keke nake zuwa gidajen da ke kusa, cikin ruwa da sanyi, na nesa kuma wata abokiyar aiki ke rage mini hanya. Shugabar ta kira ni ofis, ta ce tsofaffin suna sona, amma watannin sun kusa ƙarewa, jarrabawa ɗaya ta rage mini. Gaskiya na tsorata. In na kira gida ta bidiyo, ɗiyata kan leƙo ta ga wani mutum cikin hular sanyi, ta ɓoye fuska a zanen uwarta. Na fara tunanin yadda zan koma Tasawa hannu rabbana, in ce wa mutane wani allon ƙarfe ne ya koro ni.

Matata na gaya wa haka wata Lahadi. Ta sa na bayyana mata panon dalla-dalla, na ce ba ya motsi, ba ya magana, yana nan dai bakin hanya, kuma dole a tsaya masa ko babu kowa. Sai ta yi dariya.

"Majo, ai tsoho ne wannan. Kai da in mun tahi kasuwa sai rana ta take muna gaisuwa, ba ka iya wuce dattijo zaune ba ka tsaya ba? To ka gaishe shi mana, ka jira ya amsa."

Na ce mata ina cikin damuwa tana yi mini wasa. Amma a darasi na gaba, da na hango jan abin nan, sai na ce a raina bari in gwada. Na ce, ina kwana, ina gajiya, ina gida. Kafin in kai ƙarshe motar ta tsaya cak ba tare da na yi faɗa da ƙafata ba. Ashe akwai abin da ya riga tsumagiyar Kawu shiga jikina: a gidanmu ba a gaida babba ana tafiya. Na yi ta yi har ya zama jiki, malamar tana mamakin abin da ya same ni.

A jarrabawa ta uku, a pano na farko na yi gaisuwata ƙasa-ƙasa. A na biyu mai jarrabawar ya juyo ya tambaye ni me nake faɗa. Na rasa ƙaryar da zan yi, na ce gaishe shi nake. Ya dube ni, ya dubi panon, ya yi rubutu a takardarsa, muka koma. Kwanakin jiran sakamako ban ci abincin kirki ba, ina ganin an rubuta ni cikin masu taɓin hankali. Sai ga shi na ci. Aka tabbatar mini da aikin, na shiga neman takardun iyalina, su ma suka ja nasu lokacin.

Ranar da suka sauka ni na tuƙo mota zuwa filin jirgi. Ɗiyata ta yi wayo, tana tafiya da ƙafarta, an yi mata kitso da lalle. Na durƙusa na buɗe hannu, ta maƙale a bayan uwarta. Na ba ta alewa ta ƙi karɓa. Matata ta ce in ƙyale ta, gajiya ce. Na ce haka ne, amma abin ya taɓa ni, na ɗauki jakunkuna don kada a ga fuskata.

Muka kama hanya, ɗiyata tana kujerar baya. Da muka bar babbar hanya muka iso wata mahaɗa kusa da ƙauyen da nake, na tsaya, bakina ya yi abin da ya saba ba tare da na sani ba. Na ce, "Ina kwana?"

Sai wata 'yar murya daga baya ta ce, "Lahiya lau."

Kakarta ta hore ta, ba a gaishe ta ta yi shiru. Na ce ina gajiya, ta ce ba gajiya. Na ce ina mutanen gida, ta ɗan yi tunani, ta ce suna Tasawa. Matata ta juya tana kallon taga tana share ido. Mai motar bayanmu ya yi ta danna oda, ni kuwa na kasa ɗaga ƙafata daga birki.

Yau mun zauna lafiya a nan, tuƙi ya zama mini kamar shan ruwa, kuma in an tambaye ni wace shekara na samu permi sai na yi tunani kafin in tuna. Mahaɗar nan ce ba na mantawa. Kusan kullum nake bi ta wurin in za ni aiki, kuma har yanzu in na tsaya sai in ji daɗi ya cika mini ciki. A filin jirgi takardu suka ce iyalina sun iso, amma ni a nan na ji isowarsu.