Layin Biro a Ƙwaurina

Salamu alaikum. Masu tambaya ko na mutu ne, ban mutu ba. Wata uku ban ce uffan a nan ba, kuma kunya ce ta rufe mini baki. Yau na gaji da ita.

Ga wanda bai san ni ba, gadi nake yi a wani katafaren kanti a Doha, tsayuwar awa goma sha biyu kullum. Da ƙafar nan nake ciyar da uwa da mata da 'ya'ya huɗu. A ƙasan kantin akwai filin ƙanƙara inda ake zamiya da takalmi mai wuƙa a ƙarƙashi. Shekara uku ke nan ina shiga ranar hutuna. Na wuce 'yan koyo, ina juyi, ina ɗan tsalle, amma ban kai gwani ba.

Takalmina na farko ya gaji, wuyansa ya lanƙwashe, ya daina riƙe idon sawu. Mai koyar da mu, wata 'yar Filifin, ta ce: "Kada ka saya da ka. Ka je a zana ƙafarka a takarda a auna, a ba ka mai taurin da ya dace da nauyinka da matakinka."

Ni kuma, don tsabar wauta, sai na kai maganar ɗakinmu a unguwar Najma.

Akwai Malam Sabi'u direba, abokin kwanana, wanda bai san ƙanƙara ba sai ta cikin zoɓo. Amma fa babu abin da bai sani ba a duniya, daga ciwon ƙoda har injin jirgi. Ya ce: "Haba Nasiru! Ƙato da kai a zana maka ƙafa kamar ɗan furamare? Takalmi ai da girma ake saye, ƙafa ta sha iska."

Ya ja ni kasuwar gwanjo. Muka samu wani, lamba biyu sama da tawa, tauri kamar turmi. Mai kaya ya ce na 'yan gasa ne. Wallahi kalmar nan ce ta cuce ni, nan take na ji kaina ya kumbura.

Da na yi ƙorafin tauri, Malam Sabi'u ya kawo maganin da ake yi wa takalmin Sallah a gida: a lafta man kaɗe, a shanya a rana. Kwana uku yana gasuwa a saman bene. Taurin ko gezau, sai soson ciki da ya jiƙe da mai ya fara wari. Na cusa auduga a gaba, na sa safa biyu, na hau ƙanƙara.

Dunduniyata tana hawa tana sauka a ciki. Ranar farko bororo ya fito a bayan idon sawu. Mako na biyu ya fashe. Na ci gaba, wai ƙafa za ta saba.

Sai wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya fara ruwa. Na naɗe da bandeji na tura cikin takalmin aiki, don ogan namu maganarsa ɗaya ce: wanda ba zai iya tsayuwa ba, khalas, shi ke nan, ya tattara ya koma gida.

Likitan ɗakinmu, Malam Sabi'u, ya ce a gasa da ruwan zafi a shafa man zafi. Man zafi a kan gyambo, jama'a! Kuma na shafa. Tir da ni.

Ranar wata Talata da hantsi zazzaɓi ya kayar da ni a bakin ƙofar aiki, ga kaluluwa a matsematsi. Iddirisu, abokin aikina ɗan Zangon Kumasi, shi ya kai ni asibiti.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙashi, aka gwada suga. Likitan, wani Basudane, ya warware bandejin ya kawar da kai. Ya zaro biro ya zagaye jan wurin a ƙwaurina, ya ce: "Ƙwayoyin cuta sun shiga. Idan jan nan ya tsallake layin nan, ɗakin tiyata za mu, kuma ban yi maka alkawarin abin da za mu bari ba."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ana ƙarin ruwa, ana allura duk bayan awa shida, ni kuwa idona na kan layin. Rana ta biyu jan ya taɓa shi. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Matata ta kira, ta ce: "Baban Hafsa, ƙanƙara kuma? Mu muna nan muna sayenta a leda, kai kana can za ta ci maka ƙafa?" Daga nan muryarta ta karye.

Rana ta uku jan ya fara ja da baya. Aka tsaga aka matse mugunya. Kwana tara na yi a kwance, sati biyar ina dogara sanda, albashin wata guda ya tafi.

Malam Sabi'u ya zo dubiya da lemo. Ya leƙa ƙafar, ya girgiza kai, ya ce: "Ai man ne ba ka shafa wa takalmin da yawa ba." Wani mutumin ko tsaki asara ne a kansa.

Alhamdu lillahi, ƙafa tana nan, aiki yana nan. Allah Ya saka wa likitan da nas-nas, Ya saka wa Iddirisu da ya yi ta tsayuwata har na dawo, oga bai samu bakin magana ba.

Mai son canza takalmin ƙanƙara, ka ji: daidai ƙafa ake saye, da siririyar safa ɗaya, dunduniya ba ta motsi. Kada ka ɗauki taurin da ya fi matakinka don a ce maka gwani. Kada ka shafa masa komai. Ciwo ya yi ja ya ɗau zafi, tafi asibiti ranar, kada ka bi ta ɗaki.

Makon jiya na je shagon da ake auna ƙafa, kamar yadda mai koyar da mu ta ce. Na cire safa na taka farar takarda, mai shagon ya durƙusa ya zagaye ƙafata da biro. Minti biyu ya ɗauka. Wannan zanen ne na raina tun farko, har sai da aka yi mini shi a fata.